Hurumin Alhaji Ya'u

Ni Shu'ibu, shekara goma sha huɗu na yi ina aikin gandun daji a ƙasar Haɗeja, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa tafka wautar da ta kai wadda na yi da bakina a ƙofar gidan Bulaman ƙauyenmu ba. Kalma ɗaya ce tak.

Ƙauyenmu a bakin fadama yake, gabas da Haɗeja, muna da wani tabki da ake ce wa Tabkin Kurungu. Baba Zarami, ƙanin mahaifina, shi ne sarkin ruwa. In ruwa ya janye ya rufe tabkin, ba mai jefa koma sai ranar su, ranar da duk gari ke shiga kamun kifi. Da damina kuwa ba mai yankan ciyawa a gefen arewa, domin can gauraki ke yin sheƙa. Ba shingen waya, ba allo, ba maigadi. Baba Zarami ya ce a'a, shi ke nan.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, sai ga Alhaji Ya'u ɗan kwangila da motoci uku. Wai ya je ƙasar Turawa ya ga masu hali suna keɓe fili don tsuntsaye da namun daji, shi ma zai yi wa garinsu. Ya zo da takarda da Turanci, ni ne mai boko, aka miƙo min in fassara. Na ga kalmar da ke nufin wurin da aka keɓe ba a taɓawa, na laluba a kaina, na ce, "Hurumi ne za a yi."

Baba Zarami ya ɗago kai. "Hurumi ka ce, Shu'ibu?"

"Hurumi, Baba."

To a wajenmu hurumi na kowa ne kuma ba na kowa ba. Ba a nomawa, ba a sayarwa, ba mai cewa nawa. Jin haka dattawa suka gyaɗa kai, Bulama ya dangwala yatsa. Baba Zarami abu ɗaya ya roƙa, a bar wa gauraki gefen arewa. Alhaji ya dafa ƙirji ya ce ai don su ma ake yin abin. Ni kuma ya ɗauke ni mai kula da wurin, har da sabon kaki, na ajiye aikin gwamnati ina ta washe baki kamar sakarai.

Aikin farko da aka yi don kare daji shi ne sare daji. Wallahi da idona! Ana bukatar turakun shinge, sai Buba, uban leburorin Alhaji, ya sa aka kwantar da goriba da marke fiye da ɗari a cikin filin, aka kafa su aka ja waya. Rassan kuma babbar mota ta kwashe zuwa gidan burodi. Da na yi magana Buba ya ce, "Malam Shu'ibu, to da me za a tsare itatuwan in ba shinge?"

Shekara ta biyu aka yi jinga don tare ruwan kogi. Alhaji ya gina gidan baƙi a bakin tabki, ruwan damina ya cinye masa hanya, ransa ya ɓaci. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan tabkin da ambaliya yake rayuwa. Ita ke kawo kifi, ita ke wanke shi." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ita kuma ke fita da kifina zuwa gonar wani." Kifina! Ranar na fara jin wannan kalma a kan Tabkin Kurungu. Katafila ta zo ta toshe bakin da kogi ke shigowa.

Aka hana masunta, aka hana makiyaya mashaya. Baba Zarami ya zo bakin waya da sandarsa, maigadi ya ce ba a shiga. Tsohon ya ce, "Hurumi ne fa, ɗana." Maigadin ya ce, "Hurumin Alhaji ne." Ina tsaye daga ciki da kakina, na rasa inda zan sa fuskata. Baba Zarami ya juya ya tafi. Wata biyu bayan nan aka sauke shanun Alhaji tamanin a cikin shingen, tun da su ba sa cin ciyawa irin ta talaka.

Zuwa damina ta uku tabkin ya zama wani abu kore mai kauri, ga ɗoyi, tarwaɗa na tasowa ciki sama. Tsuntsayen ruwa suka ƙaurace: dinya ta daina sauka, kirinjijiya ta daina, kwasakwasa ko giftawa ba ya yi. Abin haushin, daga bayan waya, a fadamar da ba mai ita, inda shanu da masunta ke ta dagwalgwalo, tsuntsaye fal. Gauraki kuwa da muke ganin goma sha wani abu, saura biyu. Su kaɗai suka nace, suka yi sheƙa a ɗan ruwan sama da ya taru a gefen arewa, cikin ciyawa, ƙwai uku. Ni kaɗai na san wurin. Saboda ƙwan nan uku ne ban jefar da kakin ba. Na ce in suka ƙyanƙyashe, ko ba komai zan iya zuwa in gaya wa Baba Zarami abu ɗaya da bai lalace ba.

Sai Alhaji ya aiko cewa zai zo da baƙi ranar Asabar, cikinsu da wani Malam Markus, malamin makaranta mutumin Filato, wanda ke yawo da tabarau mai hangen nesa yana rubuta sunayen tsuntsaye. In ya yaba, za a buga labarin hurumin. Ranar Laraba Buba ya same ni da ladabinsa, ya ce Alhaji na so a yi rumfa can nesa inda baƙi za su hango sheƙar ba tare da sun firgita tsuntsayen ba, in nuna masa saitin kawai. Kai, ni dai ban ji magana ba! Mutumin da ya sare goriba don ya tsare goriba, shi na kama wa hannu na kai. Na ce, "Can, inda ciyawa ta kwanta. Kada a matsa kusa." Ya ce, "Haba Malam."

Ranar Alhamis aka aike ni Haɗeja sayo tabarmi. Ranar Juma'a aka ce in tsaya can in jira motar kujeru. Ban dawo ba sai Asabar da hantsi, a bayan motar.

Ina dirowa na gan su. Gauraki biyu a farfajiyar gidan baƙi, kan yashin da aka share, suna tafiya a karkace. Kowanne an datse masa fiffike ɗaya, ba gashi ba, daga gaɓa, an ɗaure da tsumma, tsumman ya jiƙe da jini. An ajiye musu dawa a faranti.

Na shaƙo Buba. "Me ka yi? Me ka yi, la'ananne?"

Ya fizge rigarsa. "Alhaji ya ce in motoci suka zo za su tashi, baƙi su ga me? Yanzu ai sun zauna ke nan. Ba maharbin da zai same su."

"Ƙwan fa?"

Ya nuna min da baki. Suna kan tebur a cikin kwanon sha, an shimfiɗa musu auduga, kusa da kwalaben lemo. Na taɓa ɗaya, sanyi ƙalau. Kwana biyu ke nan da kwaso su.

Baƙi suka iso. Alhaji da babbar riga yana nuni da hannu, ga nasa tabkin, ga nasa tsuntsayen, sun saba da shi har ba sa gudu. Wasu suka tafa. Malam Markus bai tafa ba. Ya durƙusa ya dubi tsumman, ya dubi kwanon, ya rufe littafinsa ya sa a aljihu. Ya ce da ni a hankali, "Malam, kai ne mai kula da nan?" Na ce ni ne. Ban taɓa jin ƙyamar amsa irin wannan ba.

Ana cikin cin abinci macen ta sulale. Ni na lura, na bi ta daga nesa. Ta ratsa wayar farfajiya, ta gangara cikin taɓo, ta buɗe fiffike za ta tashi ta kife, ta miƙe, ta sake kifewa. Daga nan ta haƙura ta kama tafiya da ƙafa. Tafiyar da a da take yi a sama cikin ƙiftawar ido, ta fi rabin sa'a tana yin ta, tsumman na jan laka. Ta isa inda ciyawa ta kwanta, ta hau sheƙar, ta sa baki tana laluben abin da za ta juya. Ba komai. Ta gyara zama ta kwanta a kai.

Ina tsaye cikin ruwan ɗoyi har gwiwa sai na ji muryar Alhaji daga tudu, bakinsa cike da nama.

"Shu'ibu! Ina ɗayar? Za a ɗauki hoto!"

Na tsaya inda nake ina kallonta. Na ji ya ce wa Buba a kamo ta, wannan karon a sa mata igiya a ƙafa.