Sifili a Tsakiyar Benci

Shi ne ya sa mini suna Sifili, ranar da na kwaso sifili a jarrabawar lissafi ta farkon zango. Da wani ne ya faɗa, da mun kwashi 'yan kallo. Amma Dogo ne, kuma a bakinsa sunan har wani zaƙi yake yi. Tun daga ranar, kullum in an tashi, sai mu zauna a bencin ƙarshe na ajinmu, mai ƙafa ɗaya da ke girgiɗi, yana koya mini. Rabin hankalina a kan takarda, rabi a kan garin allin da ke yatsunsa.

Sai aka kawo mana sabuwar ɗaliba, Mai Tabarau. Kwana uku kacal ta yi ta gano bencinmu.

"Ɗan matsa mana, ƙawata," ta ce da ni, ta zauna ɗaya gefen Dogo. Ƙawarta? Tun yaushe?

Dogo ya rubuta ɗaya bisa x, ya ce in faɗi lambobin da aka yarda su shiga gurbin x. Ina cikin tauna murfin biro ta riga ni.

"Kowace lamba tana shiga, ban da sifili. Sifili ba shi da wuri a nan."

Dogo ya tuntsire da dariya har bencin ya girgiza. "Kin ji ko, Sifili? Ba ni na faɗa ba, lissafi ne."

Na yi dariyar yaƙe, zuciyata kamar an ɗora ta a garwashi. Na koma auna kallonsa: in ya dube ni sau ɗaya, ya dube ta sau uku. Ranar Laraba na ƙirga nawa, goma cif. Ba sai na ƙirga nata ba, talatin ne. Irin lissafin da ya yi sati biyu yana fama da ni a kai, ga shi ya zauna mini daram ba da taimakonsa ba.

"Ke, farantin nan ba shi da laifi fa," in ji Yaya, da ta same ni ina ta dirzar faranti ɗaya da yamma. "Ko dai dogon nan ne?"

Washegari malamin lissafi ya jefo tambaya. "Mutum uku, A da B da C, benci ɗaya. Ta hanya nawa za su zauna ba tare da A da B sun haɗa kafaɗa ba?"

"Biyu!" Ban san lokacin da ta fito daga bakina ba. Mai Tabarau ko murfin bironta ba ta cire ba.

Malam ya sauke allinsa. "Ikon Allah. Taso ki nuna mana."

Na jera hanyoyi shida a allo, na soke huɗu da ƙarfi har allin ya karye. "Sai dai na ukun ya shiga tsakiya, Malam. Babu wata dabara."

Sai wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya. Na juya na dubi allon. Ba A da B da C na rubuta ba. D da T da S ne, kuma S na zaune tsakaninsu kamar katanga.

"Amsa daidai," in ji Malam yana danne murmushi. "Haruffan kuma naki ne."

Da aka tashi ban gudu gida ba, duk da kunyar da ke cin fuskata. Na riga su zuwa bencin, na dasa kaina a tsakiya. Dogo ya zauna dama, ita hagu.

Can ya ce, "Miƙo mini littafinki in ga tambaya ta bakwai."

Na ɗaga nawa da sauri. Ashe ba ni yake kallo ba. Littafinta ya bi ta kan cinyata ya wuce, kuma ni ce ma na tallafe shi don kada ya faɗi.