Ƙodar Bare

A zuriyarmu ba a gadon ciwo. Yaya ne ya faɗa, kuma Yaya injiniya ne. Babanmu hawan jini ne ya ɗauke shi, Gwaggo kumburin ƙafa, Baffa kuwa kwanansa ne kawai ya ƙare. Masu ciwo a jini su ne dangin matar Yaya, waɗanda a cewarsa ko gaisuwa suka zo sai ka ji ƙwayoyin magani na kaɗawa a jakunkunansu. Shekara da shekaru Anti, matar tasa, tana jin haka tana zuba masa abinci.

Da ƙodojin Yaya suka tsaya aka fara yi masa wankin ƙoda, likita ta ce sai dashe. Daga kan gado Yaya ya ce wannan ai mai sauƙi ne, yana da ƙanne biyu da ɗa, duk jini mai kyau.

Likita ta dube mu, ni da Auta. "Ƙullutai ne masu ruwa suka cinye ƙodojinsa, kuma irin wannan yana bin jini. Idan uba ko uwa na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne. Sai na duba ku tukuna."

Auta ya fara shiga ɗakin hoto yana tsokanata. "Ki ajiye taki, Yaya ƙarama, tsohuwar ƙoda ba ta da kasuwa." Da ya fito, maɓallan rigarsa a karkace suke, bai kuma gyara ba.

Na kwanta. Mai hoton ya shafa mini man nan mai sanyi a kwiɓi, yana ta hirar cunkoson hanya. Can sai ya kafa wa allon na'urar ido. Ya danna maɓalli, ya matsa, ya sake dannawa.

"Malam, me ka gani?"

"Likita za ta yi miki bayani. 'Ya'yanki nawa?"

Fuskokinsu kawai nake gani, ina raba su gida biyu, ina sake haɗawa.

A baranda muka zauna, ni da Auta, kowa ya dafe kwiɓinsa; mu duka biyu an ga ƙullutan. Saura ɗan Yaya, wanda bana ya fara aiki. Ya miƙe zai shiga ɗakin hoton. Anti ta kama hannunsa ta zaunar da shi, daidai lokacin da likita ta fito, ta ce:

"Ba yau ba. Likita, bare yana iya bayarwa?"

"Idan jini ya dace."

Jinin Anti ya dace. Da aka gaya wa Yaya, ya ce ba laifi, in ƙodar ta shiga jikin kirki za ta gyaru.

Ranar aikin, kafin a tura ta ɗakin tiyata, Anti ta zare 'yan kunnenta ta damƙa mini.

"Ki ce wa yayanki ba gishiri a abincinsa. Ni ba ya jin maganata."