Tattabarun Mai Aski

Ranar da likita ta raba mai aski da tattabarunsa, sai da matarsa ta toshe baki don kada dariya ta ƙwace mata.

Shekara goma sha biyu tana fama da su. Su ɓata mata shanya, su tsoma baki a ruwan sha, shi kuwa yana kiran su "yarana". Ga shi yau an faɗa masa a gabanta. Ya daɗe yana ɗauke da HIV lafiya lau, amma bana ya yi wasa da shan magani, garkuwar jikinsa ta zube.

"Ƙwayoyin garkuwarka sun sauka zuwa tamanin," in ji likita. "A haka, ciwon da bai isa ya taɓa wani ba, kai kayar da kai zai yi. Ƙurar busasshen kashin tattabara tana iya jawo maka sanƙarau. Kada ka sake shiga ɗakinsu."

Washegari matar ta zuba su a kwali, ashirin cif, ta kai gidan yayanta can ƙarshen gari. Ta dawo tana 'yar waƙarta. Tun daga bakin layi ta hango su jere a kan rufin gidanta, har sun ɓata zanen gadon da ta shanya.

Ta sake kwashe su ta kai wa ƙanwarta, tafiyar awa biyu a mota. Wannan karon sun yi mata kara, sai da ta dawo gida ta cire takalmi suka sauka. Mai aski ya bi ta da murmushi ƙasa-ƙasa, wanda ya fi zagi ƙona mata rai.

Kwana uku ba wanda ya share ɗakin tattabarun. A na huɗu da safe ta tarar da shi a bakin ƙofar, ya ɗaure hanci da tawul ɗin aski, tsintsiya a hannu, duk ya rame. Nan take tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a gaban likita.

"Maigida, kawo tsintsiyar nan."

"Za su yi ciwo a cikin ƙazanta."

"Su za su yi ciwo? Wuce ka sha maganinka ina gani, sannan ka tsaya can bakin taga."

Ya haɗiye, ya buɗe mata baki ta duba. Ta sa takunkumi da safar hannu, ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ta shiga tana tsine wa duk wani mai fiffike.

"A hankali da farar nan," ya ce daga taga. "Kwanci take yi."

"Allah ya sa ƙwan ya lalace," ta ce.

Ta zagaye farar a hankali. Da ta ɗago, ta ga ya jingina da taga yana kallon ta, ba su ba.