Injin Bakin Titi Ba Mai Canji Ba Ne

Mai Yadi ya sauka gidan autarsa a ƙasar waje da sharaɗi guda: shi zai riƙa yin cefane da kuɗinsa, ranar da suka ƙare kuma ranar zai koma gida. Auta na da tsohon ciki, uwarta ta rasu bara, shi ya sa ya ɗauko jiki ya zo don a haihu a gabansa. Amma ya zauna ya miƙe ƙafa yana cin gumin suruki? Allah ya kiyaye.

Tafiya ba baƙuwarsa ba ce. A zamanin da yake fataucin yadi, duk garin da ya sauka wurin mai canji yake fara zuwa, ya kwance ɗamarar kuɗi daga ƙugunsa ya damƙa masa ajiya. Kullum da safe sai ya je ya karɓi na yini, don ya san halinsa, kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Akwai wani mai canji mai haƙorin zinariya da har yau yake tunawa. Sau ɗaya yake cire ladansa, sauran kwanakin kuwa sai gaisuwa da tsokana, har ya tambayi lafiyar matar da bai taɓa gani ba. Mai Yadi na kewar mutumin nan ba kaɗan ba.

Yanzu kati aka ba shi a banki. Da ya ga injin cire kuɗi a jikin bangon kantin magani, sai ya ce to ga mai canjin zamani. Kullum da hantsi zai sa hula, ya taka zuwa bakin titi, ya ciro ɗan na yini, ya biya kantin kayan miya, ya dawo da leda yana taƙama. Injin kan yi masa wata tambaya cikin yaren da ba ya ji, shi kuma ya danna maɓallin da ya fi girma, don ba ya son ja-in-ja da baƙo.

Wata safiya injin ya tofo katin babu ko sisi. Ya sake sawa, ya sake tofowa. Haka ya dawo gida hannu rabbana, ya tarar da mijin Auta yana goge takalmi zai tafi aiki.

"Duba min abin nan, yau ya tashi da rashin mutunci," in ji shi.

Mijin Auta ya buɗe saƙonnin banki a wayar tsohon. Ya jima yana karantawa kafin ya ɗago.

"Baba, kullum kuke cirewa?"

"To da fa? In kwaso duka su bi iska?"

"Ai kowace cirewa sai mai injin ya ɗauki nasa, bankinku na gida ya ɗauki nasa, ko kaɗan kuka cira ko da yawa. Maɓallin da kuke dannawa kuma, canjin da ya fi tsada kuke amsa musu. Abin da ya rage bai kai a cira ba."

Mai Yadi ya zauna a hannun kujera. Ba asarar ce ta fi ƙona masa rai ba, ya yi wadda ta fi ta a kasuwa. Kwanakinsa aka cinye, ga haihuwa saura ƙiris.

"Ko gaisuwa bai taɓa amsa min ba, ɓarawon banza," ya ce. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya jawo akwatinsa.

Auta ta biyo shi tana dafe da ƙugu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, tafiyar za ka yi da gaske?"

"Magana na yi."

"Inna ba ta nan. Kai ma in ka tafi, wa zan kira in abin ya taso?"

Ya ci gaba da ninke riga ɗaya, ya warware, ya sake ninkewa, har ta gaji ta fita.

Da azahar mijin Auta ya dawo da cefane, aka dafa, aka zuba. Ba wanda ya yi ƙarfin halin kiransa. Can sai ga shi ya fito babu hula, ya wanke hannu, ya zauna daura da surukinsa. Ya daɗe yana kallon kwanon.

"To," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "miƙo min cokali, ɗana."