Ɓarzar Dawa

Abdulwahabu ya bar haƙar zinariya ranar da rami ya rufta wa mutum biyu a gefensa. Ya dawo Dareta, ya sayar da babur ɗinsa, ya sayo 'yan tsaki sittin. Idan suka girma suka fara ƙwai, shi da rami har abada.

A kasuwar Anka, Namadi mai sayar da abincin kaji ya kwance masa bakin buhu.

"Wanga shi ne nasu, Malam. An haɗa komi ciki."

Abdulwahabu ya damƙi garin, ya sansana. "Mi da mi?"

"Kai za ka ci ko kajin?" in ji Namadi, yana dariya.

Abdulwahabu ya karkaɗe hannunsa ya wuce. Mutumin Dareta ne. Ya ga yadda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta cika maƙabarta da ƙananan kaburbura, tun daga nan ba ya yarda da garin da bai san asalinsa ba. Akwai dawa a rumbu, shi ya noma ta, ko takin zamani ba ta gani ba. Ita za su ci.

Sai dai ƙwayar ta yi wa tsaki girma. Su ɗauka, su yar.

"Ɓarzo musu," in ji Inna, mahaifiyarsa. "Ni kafaɗata ta daina ɗaukar taɓarya."

Injin niƙa na cikin gari ya kwana huɗu a lalace. Na Ɗanmusa, can bayan gari, yana aiki. Kowa ya san dutsen zinariya ake zuba masa da safe. Abdulwahabu ma ya sani. Ya tsaya gaban Ɗanmusa da buhu a kafaɗa.

"Ka wanke shi?"

"Haba, mutumina! Tas. Har dusa na kora ciki. Kuma kaji ne fa, ba ɗiya ba."

Ya sauke buhun.

Sati uku suna ci, har fiffike ya fito. Sannan ɗaya ta fara zagaye wuri guda, wuya a murɗe, kashinta kore. Washegari bakwai. Ya ba su magani, ya canza ruwa, ya share akurki. Suka ci gaba da faɗuwa.

Ranar Laraba ya ɗebi ɓarzar a kwano, ya zuba ruwa, ya shiga juyawa a hankali yadda ya saba wanke ƙasar rami. Dawar ta bi ruwa ta fita. A gindin kwanon wata laka ta kwanta, toka-toka, mai nauyi. Ya san ta, dalma ce. Ya daɗe tsugune yana kallonta.

Inna ta fito da wuƙa.

"Yanka sauran kafin su zama mushe. Jikokina sun kwana biyu ba su ga nama ba."

Ya karɓi wuƙar. "Ba mai ci, Inna."

"Sha tara fa suka rage, lafiyarsu lau!"

"Ba mai ci."

Ya yanka su ɗaya bayan ɗaya, ya haƙa rami mai zurfi bayan katanga don kada kare ya tono. Yana cikin mayar da ƙasa Ɗanmusa ya tsaya da babur, bai kashe shi ba.

"Na ji labari. Allah shi maida alheri." Ya dubi ramin. "Ana biɗar mai haƙa a sabon rami, wajen Sunke."

Abdulwahabu ya tattake ƙasar da ƙafa har ta kwanta. Bai ɗago ba.

"Yaushe?"