Ƙaya a Hanyar Tafki

Mai Faci yana tsugune gaban bahon ruwa, yana juya robar taya a ciki domin ya ga inda iska take fita, sai aka jefo wani keke a gabansa, ruwan ya fantsamo masa a fuska. Wanda ya jefo keken shi ne shugaban ƙungiyar masu tseren keke, waɗanda suke zagaya tafkin kowace safiya cikin matsattsun kaya da hulunan kwano. Gwiwar Shugaba ta kuje, jini yana gangarowa cikin safarsa. A bayansa akwai jami'in da yake kula da hanyar.

"Ga wani cinikin na kawo maka," in ji Shugaba. "Ai abin da kake so ke nan. Ko sai ka ga gawa sannan hankalinka zai kwanta?"

Mai Faci ya share fuska da hannun riga, ya miƙe. "Sannu, Yallaɓai. Faɗuwa ka yi?"

"Ji munafuki! Wai faɗuwa na yi? Kowa ya zagaya tafkin nan sai tayarsa ta sace, kuma duk faɗin wurin nan babu mai faci sai kai. Wa yake ci da wannan in ba kai ba?"

Shekarar da ta wuce ne hukuma ta shimfiɗa siririyar kwalta kewaye da tafkin, ta dasa itatuwa a gefenta, ta hana motoci shiga, sannan ta ba Mai Faci izinin kafa rumfa a bakin ƙofa. Da farko yakan wuni yana korar ƙudaje. Amma tun da ruwan sama ya ɗauke, kekuna suke yin layi a gaban rumfar, har matarsa ta fara yi masa ba'a cewa ya kusa zama attajiri. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa dalili ba. Ya ɗauka Allah ne ya dube shi.

Jami'in bai ɗaga murya ba. "Ƙorafi ya yi yawa a kanka, malam. Yau da la'asar ni da Shugaba za mu zagaya hanyar. Idan na ga abin da ya tabbatar da zargin nan, na janye izininka, ka kwashe rumfarka."

"Ni zan zuba wa mutane ƙaya? Da furfurata?"

"Furfura ba ta hana cin abinci," in ji Shugaba, masu jiran faci suka yi dariya.

Dariyar ce ta fi ƙona shi. Ya gama aikin da yake hannunsa, har da na Shugaba. Bayan azahar ya rufe rumfa, ya zura guntun roba da kwalbar gam a aljihu, ya ɗaure famfo a jikin tsohon kekensa, ya hau hanyar. Ya yi rantsuwa a ransa cewa duk wanda ya jawo masa wannan cin mutunci, sai ya ja shi da wuyan riga har gaban jami'i.

Ya wuce gadar katako, ya wuce inda masunta suke shanya taru, ya bi miƙaƙƙen wurin nan da tsofaffin itatuwa suka yi wa rumfa, inda masu tsere suke sunkuyar da kai su saki gudu. Idonsa yana kan kwalta, bai ga komai ba sai busassun ganyaye. Sai da ya kai can bayan tafkin, inda hanya ta yi kwana ta ratsa tsakanin jeji da lambuna, sannan tayarsa ta baya ta yi tsaki ta kwanta.

Ya sauka ya duba. Ƙaya ce warwatse a kan kwaltar, ƙanana da manya. A kan yashin gefen hanya kuwa ga sawun abin da aka ja, ya fito daga jeji, ya tsallake kwalta, ya nufi lambuna. Mai Faci ya bi sawun, amma tun kafin ya kai ƙarshe ya gane inda za shi. Sawun ya tsaya a gindin wani sabon shingen ƙaya, shingen lambun yayansa.

Wannan yayan shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon gyaran keke, shi ya saya masa famfonsa na farko. Lambun nan kaɗai ya rage wa yayan a duniya. Lokacin da aka yi hanyar an so a tashi masu lambu gaba ɗaya, daga baya aka ƙyale su bisa sharaɗin cewa duk wanda ya ɓata hanya zai rasa wurinsa.

Tsohon yana ban ruwa da bokiti. Da ya ɗago ya ga ƙanensa sai ya washe baki. "A'a, Auta! Yau attajiri ya tuna da talakawa?"

"Yaya, wa yake jan ƙaya ta kan kwalta?"

"Ni mana. Awaki sun hana ni sakat, dole in yi shinge."

"Ba za ka iya ɗaurewa ka ɗauko a ka ba? Ka san abin da kake zubarwa a hanya?"

Tsohon ya ajiye bokiti, ya dubi hagu da dama, ya rage murya. "Da fari ban sani ba. Sai ran nan na bi ta ƙofa na ga layi a rumfarka. Na ce ashe haka ne! To shingen nan ai ya daɗe da ƙarewa, Auta. Yanzu reshe ɗaya kawai nake ja kowace asuba, saboda kai."

Mai Faci ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Saboda ni?"

"Saboda wa kuwa? Waɗannan masu kayan 'yan wasan, faci ɗaya zai talauta su ne? Kai fa da iyali."

"Na roƙe ka? Na taɓa zuwa na ce maka yunwa nake ji? Yau a gaban jama'a aka kira ni munafuki! Mutum ya faɗi, jini yana zuba. Da a ce kansa ne ya bugu fa? Duk abin da na kai gida watannin nan, ashe abin da na ciyar da 'ya'yana ke nan!"

"Kai, rage murya, ni ba sa'anka ba ne," in ji tsohon, fuskarsa ta ɗaure. "Na goya ka a bayan nan. Yau don na taimake ka kake yi mini tsawa a cikin lambuna?"

"Taimakonka zai rufe mini rumfa, Yaya. Jami'i yana tafe."

Tsohon ya kau da kai. Ya dubi kunyoyin albasarsa da suka fara kai, ya dubi ƙanensa, sai ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa.

Mai Faci ya koma kan hanya yana huci. Ya karyo reshe mai ganye ya share sawun da yake kan yashi, har ya ɓace. Sannan ya cire hularsa, ya durƙusa, ya shiga tsince ƙayar ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a ciki. Tana sukan yatsunsa, yana tsinewa a ransa, shi kansa bai san wa yake tsine wa ba. Hular ta kusa cika lokacin da ya ji ƙarar birki a kansa.

"To, ga shi nan!" in ji Shugaba. "Yallaɓai, ka gani da idonka. Har da hula yake aunawa!"

"Tsincewa nake yi," in ji Mai Faci.

"Wanda ya zuba ai shi ya san inda zai tsince."

Jami'in ya sauka daga kekensa, ya dubi hular, ya dubi jejin, ya dubi lambunan. "Malam, ba na son in zalunce ka. Idan ba kai ba ne, ka san ko wane ne? Faɗa mini, yau ɗin nan in tashe shi."

Ta saman shingen Mai Faci yana hango bayan yayansa, a tanƙware, yana zuba ruwa a kunya ɗaya wadda ta riga ta cika har tana malala. Bai juyo ba. Mai Faci ya jira, ko tsohon zai ajiye bokiti ya fito. Bai fito ba.

"Ku ba ni zuwa gobe," in ji Mai Faci. "Zan kwashe kayana."

Jami'in ya girgiza kai, ya hau kekensa ya yi gaba. Shugaba ya yi tsaki, ya ɗora ƙafa zai bi shi, sai keken ya ƙi tafiya daidai. Tayar gaba ta kwanta a kan kwalta. Daga nan zuwa ƙofa rabin tafki ne, rana kuma ta yi sanyi. Ya dubi tayar, ya dubi famfon da yake ɗaure a tsohon keken.

"Kai, mai faci..."

Hannun Mai Faci ya riga ya shiga aljihu ya taɓa kwalbar gam, kamar yadda ya saba. Ya zare shi a hankali.

"Babu mai faci a hanyar nan, Yallaɓai. An tashe shi."

Ya ja kekensa ya shiga lambun. Ya juye ƙayar a gindin shinge, ya kakkaɓe hular ya mayar kansa. A bakin rijiya ya ga igiyar da tsohon yake jan reshe da ita. Ya naɗe ta, ya cusa a aljihu, sannan ya ɗauki bokiti na biyu.

"Matsa, Yaya," in ji shi, bai dube shi ba. "Ka kusa kashe albasar nan da ruwa."