Kujera ta Uku Zuwa Dortmund

"Uku na ce miki."

"Biyu, Baba. Ni da kai."

"To uwar taki a akwati za ki sa ta?"

Ina sunkuye kan takarda… jirgin sama daga nan Nador, sai na ƙasa zuwa Dortmund, kwana bakwai, ɗaki ɗaya, gado biyu. Yuro, yuro, kowanne sai ya haɗiye dirhami goma da 'yan kai. Albashina na wata huɗu a shagon magani, da awarwaron da na sayar ba wanda ya sani. Shi kuma ya zazzage mini gwangwanin markokinsa, kuɗin da Jamusawa suka daina kashewa tun ina goye. Wai na burodi. Zai isa, Baba, zai isa…

Shekara goma sha tara yana haƙar kwal a can. Sunan kowane titi na kansa, har launin ƙofar tsohuwa mai kare, amma mutuwar Yemma, uwata, ta ƙi zama. Da safe ya sani, kafin azahar yana cigiyarta. Sau nawa zan kashe masa matarsa?

Laifin wa? Wannan bakin nawa. Malamar Faransanci, mai tallan kifi, akuyar maƙwabta, har liman na kwaikwaya na sha mari. Ran da ya ƙi shan magani na shige kicin, na ja hanci irin na Yemma: "Mimun! Ka shanye ko in fito da ludayi!" Wasa fa nake. Wasa… Ya shanye. Ya yi dariya, irin wadda rabona da ita tun kafin jana'iza. Wata takwas ke nan Yemma na kicin, tana mita, tana buga murfin tukunya, ba ta fitowa.

Likita ya ce in za a kai shi, a kai shi bana. Bana. Baɗi ƙila ni ma ya tambaye ni ɗiyar wace ce.

Abinci — zan ƙulle zaitun da busasshen ɓaure, Lahadi wai shagunansu a rufe suke… kujera ta uku yuro ɗari da tamanin. In na yanke kwana biyu za ta fito. In saya wa wa? Gyalenta ne zai ɗaura bel?

A'a. Ba kuɗin ba ne. Bango ne. Ɗakin otal ba kicin, jirgi ba labule, kwana bakwai idonsa a kan bakina. Ina zan ajiye ta? Banɗaki? Yemma, wadda ko wanka take sai ta yi wa mutane faɗa, amma kwana bakwai?

Na miƙe. Kicin. Murfin tukunya. Maƙogwaro, don Allah kar ka karye yau…

"Mimun! Ni ba inda zan je, sanyin garin can da na sha ya ishe ni. Ku tafi kai da Dihya. In na bi ku wa zai ba na'ana'ata ruwa?"

Ina jin numfashinsa ta bango. Ya yarda? Ko ya gane… ko ya daɗe da ganewa, ni ce yake lallaɓawa? Hannuna na kan murfin, na kasa ɗagawa, na kasa saki —

"Dihya," in ji shi, a hankali. "Tambayo masu jirgin nan, nawa ne kujerar na'ana'a."